Ƙirƙirarriyar Basira a Makarantun Firamare: Tambayoyin da Malamai da Iyaye Ke Yawan Yi

Tun watan Afrilun 2024 da wani shuɗin zobe, wato alamar Meta AI, ya bayyana a cikin WhatsApp ɗin mutane a Najeriya, malaman firamare da yawa suka fara hira da ƙirƙirarriyar basira ba tare da wani ya kira su bita ba. Wasu na tambayarta ma'anar kalma, wasu na sa ta rubuta musu takardar neman izini, wasu kuwa ba su taɓa ta ba don tsoro. Ga tambayoyin da suka fi yawo a ofishin malamai da taron iyaye.

Wai mece ce ƙirƙirarriyar basira ɗin nan?

Manhajar kwamfuta ce da ake koya wa aiki ta hanyar nuna mata misalai masu ɗimbin yawa, maimakon a rubuta mata doka ɗaya bayan ɗaya. In ana so ta gane hoton akuya, sai a nuna mata dubban hotunan awaki har ta kama abin da suka yi tarayya a kai. Sunanta na Turanci, Artificial Intelligence (AI), ya samo asali ne daga wani taron masana da aka yi a kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1956, don haka ba jiya aka haife ta ba. Abin da ya sa ta cika gari yanzu shi ne fitowar ChatGPT a ranar 30 ga Nuwamba, 2022.

Irin su ChatGPT, Gemini da Meta AI an ciyar da su ne da rubutu mai yawan da mutum ba zai karance ba ko da ya shekara dubu. Aikinsu shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata. Shi ya sa maganarsu ke fita sumul, kuma shi ya sa suke iya shirga ƙarya da irin muryar da suke faɗin gaskiya. Malamin da ya riƙe wannan ya riga ya ci rabin bitar da za a kira shi.

Idan aka ce a shigar da ita firamare, me ake nufi takamaimai?

A nan ake yawan cakuɗa zance. Abu uku ne daban-daban. Akwai koya wa yaro yadda wannan fasaha take aiki da inda take kuskure. Akwai miƙa wa yaro na'ura ya riƙa hira da ita da kansa. Sannan akwai malami ya yi amfani da ita wajen shirya aikinsa, yaro bai ma san an yi ba.

Na farko da na uku suna da muhalli a firamare, kuma ba sa cin kuɗi sosai. Na biyun shi ne mai tsada, shi ne mai haɗari, shi ne kuma wanda 'yan kwangila suka fi son a yi zancensa, tunda shi ake sayo wa kaya.

Yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali ba, ina shi ina wannan?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma masu yin ta ba gidadawa ba ne. Ƙiyasin Bankin Duniya ya nuna cewa a ƙasashen Afirka kudu da hamadar Sahara, kusan yara tara cikin goma 'yan shekara goma ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji huɗu a makarantar gwamnati a karkara ya san ba ƙari aka yi ba. Za ka tarar da yaro ya cika littafi da abin da ya kwafo daga allo, rubutu tsaf, amma ka nuna masa layi ɗaya ka ce ya karanta, sai ya sunkuyar da kai.

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Manhajar da ke amsa tambaya a rubuce ba ta da amfani ga wanda ba zai iya rubuta tambayar ba, balle ya karanta amsar ya auna ta. Saboda haka duk wani shiri da zai ɗauke lokaci ko kuɗi daga koyar da karatu da ƙidaya a aji ɗaya zuwa uku, ya kai su wajen sayen na'urori, ci baya ne ko da an sa masa suna mai daɗi.

Amma wannan bai rufe ƙofar ba. Hanyoyin da suka nuna amfani a Arewa, irin su shirin koyar da karatu da ƙidaya na RANA a Katsina da Zamfara, da Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da tsarin nan na raba yara bisa abin da suka iya ba bisa ajinsu ba, duk suna buƙatar abu ɗaya mai yawa: gajerun labarai da atisaye daidai da matakin kowane rukuni. Malami ɗaya mai yara tamanin ba zai iya rubuta labari kala uku kowace rana ba. A nan manhajar za ta iya rage masa wahala, a hannunsa, ba a hannun yaron ba.

Daga shekara nawa ya dace yaro ya fara amfani da ita da kansa?

Hukumar UNESCO, a jagorar da ta fitar a Satumbar 2023, ta ba da shawarar kada a yi ƙasa da shekara 13. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, shi ma ya sa 13 a ƙa'idojinsa, kuma wanda bai kai 18 ba sai da yardar iyaye. Ɗan firamare yawanci yana tsakanin shida da sha biyu ne, lissafin bai da wuya. Hatta ƙasar Sin, da ke gaba-gaba a wannan harka, ma'aikatar iliminta ta fitar da ƙa'ida a Mayun 2025 da ta hana 'yan firamare amfani da manhajojin ƙirƙirar rubutu su kaɗai.

Me wasu ƙasashe suka yi?

Birnin Beijing ya wajabta aƙalla awa takwas na darasin ƙirƙirarriyar basira a shekara ga 'yan firamare da sakandare daga Satumbar 2025. A lura, awa takwas a shekara, ba a mako ba. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta mayar da shi darasi tun daga ajin rainon yara har ƙarshen sakandare a zangon 2025/2026. Estoniya, wadda ake yabo da ilimi a Turai, ta fara ne da manyan 'yan sakandare da malamansu, ba ta taɓa firamare ba.

Labarin da ya fi dacewa mu saurara shi ne na Koriya ta Kudu. A Maris ɗin 2025 ta shigar da littattafan karatu na na'ura masu ƙirƙirarriyar basira, har da 'yan aji uku da huɗu na firamare, a darussa irin su lissafi da Turanci. Malamai suka koka cewa an yi gaggawa ba a shirya su ba, iyaye suka koka da yawan kallon fuskar na'ura. Kusan kashi ɗaya cikin uku na makarantu ne kawai suka karɓa, kuma a watan Agustan 2025 majalisar dokokin ƙasar ta cire wa littattafan matsayin littafin karatu, ta mayar da su kayan taimako kawai. Wannan fa ƙasar Samsung ce, inda ba a san ɗauke wuta ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A Najeriya fa, ina aka kwana?

A farkon zangon karatu na 2025/2026 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sabuwar manhajar karatu da hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta NERDC ta tsara. (Hausa ta haɗa mu da kalma ɗaya, manhaja, ga tsarin karatu da kuma abin da ke cikin waya, sai a riƙa lura da wadda ake nufi.) An rage yawan darussa, an sa darasin sanin makamar na'urorin zamani ga 'yan aji huɗu zuwa shida, sai kuma zancen ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi ya fito sosai a sakandare. A takarda tsarin yana da hankali. Amma firamare a hannun jihohi da ƙananan hukumomi take, ta hanyar SUBEB, wato hukumar ilimin firamare ta jiha, da ofishin sakataren ilimi, don haka abin da Abuja ta rubuta sai ya bi ta hannaye da yawa kafin ya isa allon aji.

Makarantarmu ba wuta, ba kwamfuta ko ɗaya. Za a iya koyar da wani abu?

Ƙwarai kuwa, kuma wataƙila ya fi na mai kwamfuta zama a kan yaro. Ga misali ɗaya da za a iya yi da kwali da alli.

Malama ta zana ko ta yanko hotuna ashirin: tumaki goma, dukkansu farare, da awaki goma, dukkansu jajaye irin na Sakkwato. Ta zaɓi yarinya ɗaya ta ce yau ke ce na'ura, ba ki taɓa ganin dabba ba, abin da muka nuna miki kaɗai kika sani. A nuna mata hotunan ɗaya bayan ɗaya ana faɗa mata sunan kowanne. Sai a tambaye ta dokar da ta gano. Za ta ce fari tunkiya, ja akuya. Daga nan malama ta fito da hoton farar akuya. Bisa dokarta, dole "na'ura" ta ce tunkiya ce, aji kuwa ya kwashe da dariya.

Sai a tsaya a yi tambaya: laifin wa? Yara da kansu za su gano cewa laifin wanda ya zaɓo hotunan ne. A cikin minti talatin sun koyi cewa na'ura daga misalai take koyo, tana iya kuskure tana kuma da tabbacin ta yi daidai, kuma son ran wanda ya tara misalan yana shiga cikinta. Manyan injiniyoyi a kan wannan matsalar suke kwana. Za a iya maimaita wasan da ganyen darbejiya da na mangwaro, ko da wasan ƙarasa karin magana: malami ya ce "Haƙuri maganin...", aji ya ƙarasa, sai ya bayyana musu cewa haka ChatGPT ke yi, hasashen abin da zai biyo baya.

Inda akwai kwamfuta ko da ɗaya da intanet, shafin Teachable Machine na Google yana ba yara damar yin wannan wasan da kyamara, kyauta.

Za ta kori malamai daga aiki?

Ba a firamare ba. UNESCO ta ƙiyasta cewa duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Manufar ilimi ta Najeriya ta ce malami ɗaya ga yara 35, alhali ajin mutum ɗari ba baƙon abu ba ne a Kano. Kuma na'ura ba ta gane yaron da ya zo bai karya ba, ba ta raba faɗa, ba ta riƙe hannun ɗan aji ɗaya ta nuna masa yadda ake kama fensir.

To me malami zai yi da ita a aikace?

Abin da ke cinye masa dare: tsarin darasi, tambayoyin gwaji, misalan lissafi, sauƙaƙa dogon bayani. Sirrin yana wajen yadda aka yi tambayar. Wanda ya rubuta "ba ni darasi kan lissafin kashi" zai samu abin da aka tsara wa ajin Landan mai yara ashirin da na'urar haska bango. Wanda ya rubuta cewa yana koyar da aji huɗu a ƙauye, yara saba'in, minti talatin da biyar, ba shi da komai sai allo da alli, rabin ajin ba su iya karatu sosai ba, kuma yana son misalai da rake da ƙosai da kuɗin naira, zai samu abin da zai iya shiga aji da shi.

Sharaɗi ɗaya ne ba a sassauta shi: duk abin da ta bayar, malami ya karanta ya tantance kafin ya hau allo. Ya lissafa amsoshin da kansa. Ya duba shekarun tarihi a littafi. Abin da malami bai sani ba har ya iya gane kuskure a cikinsa, kada ya karɓe shi daga na'ura ya kai wa yara.

Tana jin Hausa kuwa?

Tana ji, amma Hausar ɗan koyo. Google Translate ya sa Hausa tun 2013, kuma manyan manhajojin yanzu suna amsawa da ita. A Satumbar 2025 gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar da tata manhajar mai suna N-ATLAS, wadda aka gina don Hausa, Yarabanci, Ibo da Turancin 'yan Najeriya. Duk da haka, rubutun Hausa da ke intanet ɗan kaɗan ne in aka kwatanta da na Turanci, kuma da yawansa ba a bin ƙa'idar rubutu. Sakamakon haka za ka ga jimla da kalmomin Hausa amma ƙashin Turanci, ko a mayar da mace namiji, ko a watsar da ƙugiyar baƙaƙe.

Ga babba wannan abin dariya ne, ga ɗan aji biyu kuwa illa ce. Yaron da ake koya wa bambancin "kafa" da "ƙafa", ko "baki" da "baƙi", ba a ba shi takardar da ta haɗe su. Malamin Hausa ya fi na'urar nan sanin Hausa nesa ba kusa ba, ya ɗauki abin da ta rubuta a matsayin aikin ɗalibi da ke jiran jan biro.

Wane irin horo malamai suke buƙata?

Ba irin wanda aka saba ba. Kowa ya san yadda bita take tafiya: a kira mutum biyu daga kowace ƙaramar hukuma zuwa otal a babban birni, kwana uku, a ci abinci, a karɓi alawus da takardar shaida, a ce su koma su koyar da saura. Kafin abin ya gangaro zuwa malamar aji uku ya zama ruwa-ruwa, in ma ya iso.

UNESCO ta fitar da tsarin ƙwarewar malamai kan wannan fasaha a Satumbar 2024, mai ƙwarewa 15 a fannoni biyar da matakai uku. Abin lura shi ne fannoni biyun farko ba na danne-dannen na'ura ba ne: sa ɗan Adam a gaba, da sanin ya kamata wajen amfani da ita. Sai na uku ne ya zo kan sanin yadda take aiki, na huɗu kan koyarwa da ita, na biyar kan yadda malami zai ƙaru da ita shi kansa.

In za a sauko da wannan ƙasa, horon ya kamata ya kasance a wayar da malami yake riƙe da ita, ba a kwamfutar da zai bari a ɗakin taro ba. Ya kasance a kan darasin da zai koyar ranar Litinin. Ya kasance a gungun makarantun da ke kusa da juna, ana haɗuwa a kai a kai, kowa ya kawo abin da ya gwada da inda na'urar ta yi masa ƙarya. A kuma sa kuɗin data da caji cikin lissafi, domin malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba zai sayi data don aikin gwamnati ba. A tuna da malamai mata, waɗanda sau da yawa ba za su iya kwana uku a wani gari ba.

Akwai kuma tushe. Takardar NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, don haka kwalejojin ilimi da hukumar NCCE mai kula da su ne ya kamata su fara, tare da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda tun 1976 take horar da malamai daga nesa, da hukumar TRCN mai ba malamai lasisi. In malamin kwaleji bai taɓa gwada abin ba, ɗalibinsa zai fito da allo da alli kawai ya sani.

Sannan gaskiya mai ɗaci. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa ta matakin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da ta sa ba. An yi ta jayayya kan adalcin jarrabawar, har ƙungiyar malamai ta shiga yajin aiki, amma ba wanda ya musanta cewa akwai giɓi a ilimin darasin kansa. Malamin da lissafin kashi ke ba shi wuya, na'ura ba za ta rufa masa asiri ba, sai dai ta sa ya kwafi kuskure da ƙarfin gwiwa. Abin daɗin shi ne ita ɗin ce kuma za ta iya zama masa wurin tambaya a ɓoye, inda zai ce a sake masa bayani sau biyar ba tare da jin kunyar kowa ba. Horon da ya haɗa ƙarfafa ilimin darasi da koyon na'urar ya fi wanda ya ware su.

Akwai shaidar cewa tana ƙara wa yara ilimi?

Akwai, amma a karanta ta da kyau. A tsakiyar 2024 Bankin Duniya da gwamnatin Edo sun yi gwaji a birnin Benin: ɗalibai kimanin 800, mako shida, bayan an tashi daga makaranta, suna koyon Turanci da Microsoft Copilot, wata manhaja irin ChatGPT. Waɗanda suka shiga sun fi takwarorinsu ƙoƙari, har a jarrabawar ƙarshen shekara. Sai dai 'yan babbar sakandare ne da suka riga suka iya karatu, a ɗakin kwamfuta, kuma malamai na tsaye a kansu suna jagorantar tambayoyin. Wanda ya ɗauki wannan sakamakon ya ce hujja ce ta raba wa 'yan aji biyu na'ura ya yi wa binciken ƙarya.

A ɗaya gefen akwai shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, wanda aka gwada a wata firamare a Galadima, Abuja, a 2007. Ƙasar Peru ta raba irin waɗannan kwamfutoci sama da 800,000, kuma binciken da aka fitar a 2012 bai ga wani ƙari a makin lissafi ko na harshe ba.

Ina batun sirrin yara?

Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro. A aikace: kada malami ya ɗora sunan yaro, hotonsa, makinsa ko labarin rashin lafiyarsa a cikin waɗannan manhajoji. In yana neman shawara kan wani ɗalibi, ya ce "wani yaro ɗan shekara tara" ya wadatar.

Yarona na amfani da wayata yana yin jinga da ita. In hana shi?

Baba, in ɗan firamare ne, kada a bar shi da ita shi kaɗai. Hanya mafi sauƙi ta gane ko ya koya ita ce a rufe littafin a ce ya yi bayani da bakinsa. Malamai kuma su rage jingar kwafe-kwafe, su ba da wadda sai an tambayi mutum: ka tambayi kakarka yadda ake daddawa, ki ƙirgo kwanon gero nawa gidanku ke ci a mako.

Malaman Islamiyya za su iya amfani da ita?

Wajen tsara jadawali, shirya tambayoyi ko sauƙaƙa bayanin tsafta da ladabi, eh. Wajen aya da hadisi kuwa, a'a, sai an koma Mus'hafi da littafin asali. Waɗannan manhajoji suna iya ƙago hadisi, su jingina shi ga littafin da ba ya ciki, su ba shi lamba, kuma Larabcin ya fito kamar gaske. Fatawa kuwa ta malamai ce.

Ni shugaban makaranta ne, wani kamfani ya kawo mana tayin na'urori masu ƙirƙirarriyar basira. Me zan tambaye su?

Ranka ya daɗe, kafin a sa hannu a kira kwamitin kula da makaranta na SBMC da malaman da za su yi aikin, ba a yanke a ofis ba. A tambayi kamfanin ko na'urar tana aiki in ba sabis, da me za a yi caji, wa zai gyara in ta lalace kuma a wane gari yake. A tambayi nawa za a riƙa biya bayan shekarar farko, domin yawanci a nan kuɗin yake ɓoye. A tambayi ina bayanan yara suke tafiya, kuma wa zai iya share su. A nemi sunan makaranta irin taku da ta yi shekara tana amfani da kayan, a je a gani da ido ranar da ba su san za a zo ba. A tambayi awa nawa za su zauna da malamai, kuma ko za su dawo bayan wata uku.

Daga ƙarshe a miƙa na'urar ga malamar Hausa da malamin lissafi, a ba su mako guda da ita, a ce su rubuto duk kuskuren da suka kama.